Tutar Nijeriya ta Farko: Tarihinta da Ma'anar Alamunta



Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗan makarantar firamare a ko'ina cikin ƙasar nan yadda tutar Nijeriya take, ba zai yi wata-wata ba zai ce kore, fari, kore. Amma in aka ƙara tambayarsa wace tuta ce ke ɗauke da sunan ƙasar kafin ranar 1 ga Oktoba, 1960, to, ba shi kaɗai ba, har malaminsa ma sai ya yi jim. Alhali kuwa shekara 46 cur, wato daga 1914 zuwa 1960, akwai wani shuɗin ƙyalle mai tauraro da kambi wanda aka rubuta sunan Nijeriya a jikinsa, kuma shi ne hukuma ta amince da shi a matsayin alamar wannan ƙasa.

Wannan tuta ita ce batun laccarmu ta yau. Za mu duba inda ta samo asali, da wanda ya ƙaga ta, da abin da kowace alama ta jikinta take nufi. Daga nan sai mu nemi amsar wata tambaya wadda a ganina ita ce gishirin zancen: me ya sa tutar da ta cika da alamu, kowace da tarihinta, ta wuce ba wanda ya yi kewarta, ita kuwa wadda ta gaje ta, da ba ta da alama ko ɗaya, ta ɗore har yau?

Tuta a wurin magabata

Ba Turawa ne suka kawo mana tuta ba. Kalmar ta daɗe a bakin Bahaushe, har ta shiga cikin adon maganarsa, domin idan mutum ya yi fice a kan tsararrakinsa akan ce ya ciri tuta. Amma inda tuta ta sami matsayi mafi girma a tarihinmu shi ne zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804. Malamai suka riƙa tasowa daga ƙasashe daban-daban suna karɓar tuta, su koma da ita inda suka fito. Malam Yakubu ya kai tasa ƙasar Bauchi, Buba Yero ya kai tasa Gombe, Malam Umarun Dallaje Katsina, Malam Musa Zazzau, Modibbo Adama kuwa ƙasar Fombina, wadda daga baya ta ɗauki sunansa ta zama Adamawa.

Tuta a wannan zamani takardar izini ce wadda aka ɗinka da zare. Wanda ya karɓe ta ya karɓi amana, ya kuma yarda cewa akwai na gaba da shi wanda zai tambaye shi yadda ya riƙe ta. Mutanen da suka taru a ƙarƙashinta kuwa mubaya'a ce ta tara su, sun san abin da suka yi alkawari a kai. Shi ya sa a ranar 15 ga Maris, 1903, da sojojin Ingila suka auka wa Sakkwato, aka sami mutanen da suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru har aka kashe su a wurin, wasu kuma suka bi shi har Burmi, inda shi ma ya rasu a fagen fama ranar 27 ga Yuli na wannan shekara.

Sai dai ya kamata mu bambance irin wannan tuta da abin da ake kira tutar ƙasa a yau. Tutar ƙasa ita ce wadda kowane ɗan ƙasa yake da haƙƙi a kanta don kawai shi ɗan ƙasar ne, ko da wane addini yake bi, ko wane harshe yake ji. Wannan ra'ayi bai daɗe ba ko a ƙasashen Turawa. Majalisar Amurka ta tsayar da tutarta mai taurari da ratsi-ratsi a 1777, Faransa kuma ta tabbatar da tata mai launi uku a 1794. Da wannan ma'auni za mu auna tutar 1914.

Daga tutar kamfani zuwa ta Sarkin Ingila

Ikon Ingila a bakin Kwara da Binuwai ya fara ne da ciniki. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Sir George Goldie, wato Royal Niger Company, izinin yin mulki da karɓar kuɗin fito a waɗannan wurare. Kamfanin yana da tutarsa, mai wata alama mai reshe uku kamar mahaɗar kogunan biyu, da kalmomi uku na Latin masu nufin gwaninta da shari'a da zaman lafiya. A ƙarshen 1899 aka karɓe izinin, ranar 1 ga Janairu, 1900 kuma aka sauke tutar kamfanin a Lokoja aka ɗaga ta Ingila, wadda ake kira Union Jack. Wanda ya tsaya a wurin a matsayin Babban Kwamishinan Arewa shi ne Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga.

A lokacin yankuna uku ne, kowanne da gwamnatinsa da tambarinsa: Ikko, da Kudu, da Arewa. Tambarin Ikko giwa ce a gindin itacen kwakwa, irin wanda sauran ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma suke amfani da shi, harafin da ke ƙasa ne kawai yake bambanta su. A 1906 aka haɗe Ikko da Kudu. Ranar 1 ga Janairu, 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, Lugga ya zama Gwamna-Janar. Babban dalilin haɗewar kuwa na kuɗi ne. Kudu tana da tashoshin jiragen ruwa da kuɗin kwastan, Arewa kuwa kuɗin shigarta ba sa isar ta, sai baitulmalin Ingila ya cika mata, ga kuma hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911 tana bukatar hukuma guda. Ko sunan ƙasar ma baƙo ne, domin wata 'yar jarida ce, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a jaridar The Times ta London a 1897, ita ce kuma Lugga ya aura a 1902.

Sabuwar ƙasa tana bukatar sabon tambari, to, amma ba a bar wa kowa zaɓin irin ƙyallen da za a ɗora shi a kai ba. Tun a 1864 hukumar jiragen ruwan yaƙi ta Ingila ta raba tutocin teku gida uku: fara ta jiragen yaƙi, ja ta jiragen 'yan kasuwa, shuɗiya ta jiragen da ke aikin gwamnati. Ba da jimawa ba aka umarci kowace ƙasa da ke ƙarƙashin Ingila ta riƙa ɗaga shuɗiyar a jiragenta, ta manna tambarinta a jiki. Saboda haka tutar Nijeriya ta farko riga ce da aka riga aka yanka aka ɗinka a London, irinta ɗaya da ta ƙasashe da dama daga Asiya har tsibiran Amurka. Abin da ya rage wa Lugga shi ne adon aljihu.

Siffar tutar da abin da take faɗa

Ga yadda take. Ƙyallen shuɗi ne mai duhu. A kusurwar sama, wajen sanda, akwai tutar Ingila, ta ci kashi ɗaya cikin huɗu na ƙyallen. A ɗaya ɓangaren, wanda iska take kaɗawa, akwai jar da'ira. Cikin da'irar akwai koren tauraro mai tsini 6, wanda aka yi da alwatika biyu da aka sarƙa da juna, ɗaya tana kallon sama ɗaya tana kallon ƙasa. A tsakiyar tauraron akwai kambin sarautar Ingila, ƙarƙashin kambin kuma an rubuta sunan Nijeriya da boko.

Masu ilmin tutoci suna da ƙa'ida cewa kusurwar sama ta wajen sanda ita ce mazaunin girma, domin ita ce ido yake fara gani, ita ce kuma ba ta naɗewa ko iska ta kwanta. Wanda aka ajiye a nan shi ne maigida. Tutar Ingila kuwa ita kanta tarihin haɗe ƙasashe ce, domin gicciye uku ne aka ɗora wani kan wani: jan gicciye na waliyyi George na Ingila, da farin na waliyyi Andrew na Sikotilan, waɗanda aka haɗa a 1606, sa'an nan da na waliyyi Patrick na Ayalan wanda aka ƙara a 1801. Wato ƙasar da rabinta sarakunan Musulmi ne suke riƙe da ita, an ba ta tuta mai gicciye uku a wuri mafi daraja.

Kambin da ke tsakiyar tauraron shi ma magana yake yi. Yana cewa ƙasar ta Sarkin Ingila ce, wanda a 1914 shi ne Sarki Joji na Biyar. Abin lura a nan shi ne, babban gyaran da aka yi wa tambarin a tsawon rayuwarsa shi ne na sake siffar kambin bayan Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau gadon sarauta a 1952. Abin da ya faru a fadar London shi ne ya taɓa tutar. An yi yaƙin duniya biyu da 'yan Nijeriya suka zubar da jini a cikinsu, an kafa jam'iyyu, an sake tsarin mulki sau da dama, duk ba wanda ya bar tabo a jikinta.

In muka karanta tutar kamar yadda ake karanta wasiƙa, daga sama zuwa ƙasa, za mu ga Ingila ce a farko, sa'an nan Sarkinta, sunan Nijeriya kuwa shi ne a can ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe waɗanda ba a iya karantawa daga nesa.

Hatimin Annabi Sulaimanu

Saura tauraron, wanda shi kaɗai ne a cikin alamun yake da jiɓi da ƙasar nan, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Lugga da kansa ya ba da labarin inda ya same shi, a cikin wata wasiƙa da aka buga a mujallar Nigeria a 1940. Ya ce an ga zanen ne a kan murfin wani kyakkyawan shantali na tagulla da jan ƙarfe wanda sojoji suka kwaso lokacin da aka ci Kwantagora. Ya ce a saninsa ana kiran zanen Hatimin Sulaimanu, kuma shi ne ya ga ya dace ya zama tambarin Arewa, da aka haɗe ƙasar kuma sai aka ɗauke shi ya zama na Nijeriya baki ɗaya.

An ci Kwantagora a farkon 1901. Sarkinta a lokacin shi ne Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse, wanda ya fito daga zuriyar Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Abubakar Atiku. Turawa sun kore shi bisa zargin harin bayi, suka kama shi daga baya, amma a 1903 suka mayar da shi kan sarautarsa, domin sun ga ba za su iya riƙe ƙasar ba sai da shi. Ashe ke nan alamar da aka zaɓa ta wakilci Nijeriya ganimar yaƙi ce. Wanda ya ci gari ne ya ga wani ado a cikin kayan wanda ya ci, ya yi masa kyau, ya ɗauka ya ɗora kambin Sarkinsa a tsakiya.

Shi kansa zanen ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi. Labarin zoben Annabi Sulaimanu, wanda aka ce da shi yake hatimce umarninsa, ya shahara a cikin littattafan ƙissoshi, kuma ɗaruruwan shekaru masu zane da maƙera suna amfani da tauraro mai tsini 6 ko mai tsini 5 a matsayin siffar wannan hatimi. Ana samunsa a jikin masallatai da kwanuka da tutoci a ƙasar Turkiyya da Masar da Magrib. Kuɗin tagulla na ƙasar Maroko a ƙarni na 18 da na 19 suna ɗauke da mai tsini 6. A nan gida ma duk wanda ya san aikin malaman zaure ya san abin da ake kira hatimi. Wani abin sha'awa shi ne, a watan Nuwamba na 1915, shekara guda da 'yan watanni bayan an yi tambarin Nijeriya, Sarkin Maroko Maulaya Yusuf ya ba da umarnin a sa koren tauraro mai tsini 5 a tsakiyar jar tutar ƙasarsa, da sunan Hatimin Sulaimanu. Kore a kan ja, kamar namu. Maroko tana nan da tata har yau.

Na tsaya a kan wannan batu ne domin a zamanin nan akan ga matasa sun ci karo da hoton tsohuwar tutar ko tsohon kwabo, sai su ce ai tauraron Yahudawa ne. Daga nan wasu su ce hujja ce ta wata maƙarƙashiya da aka ƙulla tun 1914, wasu kuma su ce hujja ce cewa asalin wasu ƙabilun ƙasar nan daga Isra'ila yake. Kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne Yahudawan Turai sun daɗe suna amfani da wannan zane, ƙungiyar Sahayoniya kuma ta ɗauke shi a taronta na farko a birnin Basel a 1897, amma bai hau tutar wata ƙasa mai suna Isra'ila ba sai 1948, shekara 34 bayan ya hau ta Nijeriya. Mutumin da ya zaɓe shi ya faɗi inda ya gan shi, kuma a gidan sarkin Musulmi ne. Haka nan mai kallo yana iya cewa alwatika biyun da aka sarƙa Kudu da Arewa ne, fassara ce mai daɗin ji, amma bayanin Lugga ya nuna an zaɓi zanen tun ana nufin Arewa ita kaɗai. Aikin ɗalibin tarihi ne ya bambance abin da alama take nufi a wurin wanda ya yi ta da abin da na baya suka ɗora mata.

Tauraro a cikin aljihu

Inda talaka ya san wannan tauraro shi ne jikin kuɗi. Daga 1907 aka fara buga anini da kwabo domin su maye gurbin wuri, daga baya aka ƙara sisin kwabo. Anini 10 ne kwabo, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. An huda su a tsakiya domin a iya zura su a igiya kamar yadda aka saba yi wa wuri, an zana tauraron ya kewaye hujin, an kuma rubuta darajar kuɗin da baƙaƙen Larabci saboda waɗanda ba su karanta boko. Da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, waɗannan kuɗi suka zama su ake kashewa har Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Anini ya shiga harshe ya zauna, har ya ba da sunansa ga alamar da hafsan soja yake ɗaurawa a kafaɗa, shi ya sa muke cewa mai anini biyu ko mai anini uku.

Kuɗin da Tarayyar Nijeriya ta buga na kanta a 1959 ma ba su yar da tauraron ba, yana nan a jikin kwabo da sisin kwabo, kuma an ci gaba da kashe su har aka kawo naira da kobo a 1973. Wato tauraron ya yi shekara 13 a aljihun mutane bayan an sauke shi daga kan sanda, ba wanda ya ɗaga murya. Wannan ya nuna cewa ba zanen ne mutane suka ƙi ba.

Abin da ya hana ta zama tutar ƙasa

Dalili na farko shi ne, a bisa doka shuɗiyar tutar ta jiragen ruwan gwamnati ce. A kan tudu, a gidan Razdan da bariki da kotu, tutar Ingila ce take kaɗawa. Ita ce 'yan makaranta suke yi wa fareti kowace ranar 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila. Shi kansa Gwamna tutarsa ta Ingila ce da tambarin a tsakiya. Manomi a Gumel ko Argungu yana iya rayuwa har ya mutu bai taɓa sa shuɗiyar a ido ba.

Dalili na biyu, tutar ta yi da'awar haɗin kan da babu shi. Bayan 1914 Kudu da Arewa sun ci gaba da zama kowace da Mataimakin Gwamnanta da tsarin mulkinta. Majalisar dokoki ta Ikko ba ta da iko a kan Arewa, kuma wakilan Arewa ba su zauna a majalisar dokoki ɗaya da na Kudu ba sai 1947, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards. Shekara 33 ke nan ana tambari ɗaya ba a zama ɗaya.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. Mun ga cewa tutar jihadi daga sama ake ba da ita, amma wanda ya karɓa shi ya taso ya nema, ya kuma san sharuɗɗanta. Ita kuwa ta 1914 ba wanda ya nema, ba a shawarci sarki ko malami ko lauyan Ikko ba, takardu ne suka yi ta kai da kawowa tsakanin Gwamna da ofishin da ke kula da ƙasashen mallaka a London. Ba ta ɗauki wani alkawari ga mutanen da aka rubuta sunan ƙasarsu a jikinta ba, su ma ba su ɗaukar mata ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Tutar 1960

Da mulkin kai ya gabato, gwamnati ta yi abin da ba a yi ba a 1914, wato ta tambayi jama'a. Aka yi shelar gasa a jaridu, aka sami zane fiye da 2,000. A 1959 aka zaɓi na wani ɗalibi ɗan shekara 23, Michael Taiwo Akinkunmi, wanda yake karatun aikin lantarki a Kwalejin Fasaha ta Norwood a London. Aka ba shi ladan fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore da fari da kore, a tsaye, faɗinsu ɗaya. Kore shi ne noma da albarkar ƙasa, fari kuwa zaman lafiya da haɗin kai.

Domin mu ga hikimar cire ranar, sai mu tuna halin da ake ciki a 1959, shekarar babban zaɓen tarayya. Kusan kowace alama tana da mai ita. Fartanya ta NPC ce, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na Action Group. Jinjirin wata zai ce Musulmi, gicciye zai ce Kirista, dagi zai ce Arewa. Duk abin da aka ɗora a kan farin nan, wani zai ce nasa ne, wani ya ce an bar shi a baya. Maƙwabtanmu sun bi wasu hanyoyi. Jamhuriyar Nijar, wadda ta tsayar da tutarta a watan Nuwamba na 1959, ta bar da'ira mai ruwan goro a tsakiyar farinta, wadda ake fassarawa da rana. Gana ta ɗaga tata mai baƙin tauraro a 1957, amma a 1964 gwamnatin Nkrumah ta mayar da ratsin tsakiya fari domin ya dace da launin jam'iyyarta, da aka hamɓarar da ita a 1966 kuma aka komo da na da. Tutar da ta jingina da jam'iyya tare suke faɗuwa. A nan gida ma, da yankin Gabas ya ɓalle a 1967, tutar da ya ɗaga mai hoton rana ce tana fitowa, ta kuma sauka a watan Janairu na 1970.

Da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, a gaban Gimbiya Alexandra wakiliyar Sarauniya, da Gwamna-Janar Sir James Robertson, da Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, aka sauke tuta aka ɗaga tuta. Wadda aka sauke a wannan dare ta Ingila ce. Shuɗiyar mai tauraro ko bikin sallama ba ta samu ba.

Kammalawa

Jama'a, tun daga wannan dare kusan babu abin da ba mu sake ba. Mun zama jamhuriya a 1963. Jihohi uku sun zama huɗu, sun zama 12 a 1967, 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996. Mun sake kuɗi a 1973, mun sake taken ƙasa a 1978, muka komo wa na farko a 2024, mun tashi babban birni daga Ikko zuwa Abuja a 1991. Sojoji sun hau sun sauka, an rubuta tsarin mulki an soke. Tutar ɗalibin nan ce kaɗai ba wanda ya taɓa, domin ba wanda ya ga tambarin abokin hamayyarsa a jikinta balle ya nemi gogewa.

Amma wannan ɗorewa tana da nauyin da ta ɗora mana. Tutar 1914 tana ba da labarin abin da ya riga ya faru ne, wato wane ya ci wane. Ta 1960 kuwa launukanta biyu alkawari ne na abin da za a yi. Lokacin da aka zaɓi kore, gyaɗa da auduga da koko da manja su ne suke riƙe da ƙasar, dalar gyaɗa tana tsaye a Kano. Kafin ƙarshen shekarun 1970 dalar ta ɓace, man fetur ya karɓe wurin. Farin kuwa bai cika shekara 7 ba aka shiga yaƙin basasa na wata 30. Saboda haka duk wanda yake aiki a ma'aikatar gona, ko yake zaune a kujerar shari'a, ko yake rabon guraben aiki da na karatu tsakanin 'yan ƙasa, shi ne yake tabbatar da ma'anar launukan nan ko ya ƙaryata su, a kan teburinsa, kowace safiya.

Akwai doka tun 1960 wadda ta hana ɗaga tutar ƙasa a yage ko a lalace, amma kowa a zauren nan ya san ofisoshin da korensu ya koɗe, farinsu ya yi dauɗa, ba mai ɗaga kai ya duba. Shi kansa Akinkunmi ya komo gida ya yi aikin gwamnati a Ibadan har ya yi ritaya, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a watan Agusta na 2023 yana da shekara 87. Tutar farko ta mutu ne domin ba ta da masu ita. Wannan kuwa tana da su, mu ne, kuma ba Gwamnan da za mu ɗora wa laifi in ta koɗe a hannunmu.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.